Salansa Kawai Na Ce Ya Gyara

Masu damuna da saƙo wai na yi shiru, to ga ni. Ina rubutun nan da 'yan kunnen zinare biyu a kunnuwana, sai ja mini fata suke yi don nauyi, kuma duk wadda ta rubuta mini "barka" a ƙasan nan, wallahi toshe ta zan yi. Ku bari ku ji yadda aka yi suka hau kunnena tukuna.

Ga sababbin zuwa: sunana Kunduz, shekarata ashirin da shida, ina aiki a wani kantin magani a nan Bishkek. Ni kaɗai iyayena suka haifa, in ba a ƙirga motar ba. Kada ku yi dariya, a gidanmu ana ƙirga ta.

Ata, mahaifina ke nan, ya yi aikin soja a Jamus yana saurayi. Abu biyu ya dawo da su: ciwon baya, da imanin cewa duk abin da Bajamushe ya ɗaura, ba ɗan Adam ɗin da ya isa ya kwance. Shekara biyu kafin a haife ni ya koma can, ya sayo Marsandi shuɗiya mai duhu, ya tuƙo ta da hannunsa kwana tara har ƙofar gidanmu. Tun daga ranar bai ƙara mata komai ba, bai rage mata komai ba. Noti in ya mutu ba ya yarwa, sai ya wanke shi da fetur ya jefa a kwalbar zuma, ya rubuta kwanan wata a jiki. Sitiyarinta ya yi sulɓi a wuri biyu, daidai inda tafukansa ke zama, har ƙyalli yake yi. Ina 'yar shekara bakwai na san sifana mai lamba goma da mai sha uku, don ni ce mai miƙa masa yana kwance a ƙarƙashinta. Abin da yake yawan ce mini shi ne, "A cikinta na ɗauko ki daga asibiti, a cikinta zan kai ki gidan miji."

Mukullinta kuwa ba a rataye shi. Yana cikin tsohon takalminsa na soja, na ƙafar hagu, can bayan kwalaben. Ko Apa, mahaifiyata, ba ta san wurin ba, ita da ƙamshin man inji ke sa ta ciwon kai. Ni da shi kaɗai muka sani. Ku riƙe wannan.

Sai Allah ya haɗa ni da Kubat. Ya zo sayen maganin hawan jini na mahaifiyarsa, ya tsaya yana tambayata ko kafin abinci ake sha ko bayan abinci har sau uku, alhali a rubuce yake ɓaro-ɓaro. Shekara biyar ya yi yana jan tirela a Amurka, ya dawo da wata jar a-kori-kura da ya ɗaga ta sama har sai na tattare siket nake iya hawa. In ya shigo layinmu karnuka sai sun yi minti goma suna haushi bayan ya kashe ta. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Yana sa ni dariya har cikina ya ƙulle, kuma shi ke yanke wa mahaifiyarsa farce. Har yanzu da nake jin kamar in shaƙe shi, ina son sa, abin haushin ke nan.

Ranar da ya fara zuwa gaishe da Ata, ni na zuba musu shayi, don haka a gabana aka yi.

"Taka ce waccan da ta tashe mini maƙwabta?" in ji Ata.

"Tawa ce, Baike. Da hannuna na gina ta." Baike, haka muke kiran babba namiji don girmamawa.

"Gina ta? Su masu kamfanin ba su gama ba suka sayar maka?"

Kubat ya yi dariya. "A can, Baike, mota kamar yadi ce. Kamfani ya yanko maka, kai za ka ɗinka daidai jikinka."

"Ashe tela ne. An ce mini direba."

Na taka wa Kubat ƙafa, amma ina! Bakinsa ya riga ya buɗe. Ya ce motar Turai ƙuntatacciya ce, an yi ta don masu tsoron 'yan sanda. Ata ya ce a Jamus ko fitila ka canza sai injiniya ya duba ya sa hannu a takarda, shi ya sa motarsu ke shan kwana kamar an ɗora ta a layin dogo, ta Amurka kuwa gudu ta iya a miƙe, da ta ga kwana sai rami.

"Ai mu hanyoyinmu ba kwana," in ji Kubat.

"Ku su wa? Ba ɗan garinmu Talas ba ne kai?"

"Haka ne, Baike. Amma ku ma ban ji an ce a Jamus aka yanke muku cibiya ba."

Apa ta saki cokali a ƙasa. Ni kuwa na zauna ina kallon maza biyu, gari ɗaya yare ɗaya, suna neman cinye juna a kan ƙasashe biyun da ba su san da zamansu ba. Da Kubat ya tafi, Ata ya kife kofinsa ya ce, "Mutumin da in ya ga abu lafiyayye hannunsa ke ƙaiƙayi, ba na ba shi ajiya."

Wata biyar aka yi ana fama. Apa ta yi kuka, ta daina sa masa kirim a shayi. Yayar Ata, Gulsun-eje, ta tare a gidanmu sati guda da jakarta da maganin gwiwarta, kullum karatu ɗaya: "Asanbek, ashirin da shida fa! Sa'o'inta na kai yara makaranta. Ko motar za ka aura mata?" Da ƙyar ya ce to, su zo su sa mini 'yan kunne. Kun san yadda abin yake: uwar miji ta sa wa yarinya zinare a gaban manya, uba ya ɗaga hannu ya sa albarka, daga nan ta zama tasu. Amma Ata ya ƙara da cewa, "Zuwa dai su zo. Albarka kuma sai na ga hali." Abin da ya hana ni sakat ke nan, don ni ba zan shiga gidan kowa ba in Ata bai shafa ba.

Aka sa Asabar. Kwana goma kafin nan ciwon bayan Ata ya tashi, likita ya tura shi wurin ruwan zafi a bakin tafkin Issyk-Kul. A lokacin salansar motar ta yi 'yar huda, ba ta fi girman kwabo ba, tana ɗan huci in an taka. Ya yi odar sabuwa daga Jamus, wata uku ba ta iso ba, ya kuma ƙi yarda a yi mata walda a kasuwa. Ni da bakina na ba Kubat labarin a waya, don kawai mu yi dariya. Sai ga saƙonsa:

"Ba ni ita kwana biyu. In ya dawo ya ji ta yi shiru, zai san ina da hannu."

Na rubuta, "A'a."

"Kunduz, wace hanya ce kuma ta rage mini? Ba ya jin magana sai ta ƙarfe."

Na daɗe ina kallon wayar. Gaskiya ya faɗa, wannan shi ne abin da ya ci ni. Na rubuta, "Salansa kawai."

"Salansa kawai, ranki ya daɗe."

Washegari Apa ta tafi kasuwa sayen shinkafa da alewar baƙi. Na buɗe gareji da nawa mukullin, na zura hannu a takalmin hagu. Kubat ya fita da ita a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, har na ce a raina, kai, wannan yaro ya yi hankali.

Kwana biyu suka zama huɗu. "Ina mota?" "Tana shan gata." Suka zama shida. "Kubat, ina mota?" Sai hoton fuskarsa yana kashe ido ɗaya. Ran Laraba ya leƙo kantinmu, idanunsa sun yi ja don rashin barci, na ga jan fenti a gefen farcensa. Na ɗauka na a-kori-kurarsa ne. Oh ni Kunduz, 'yar bakanike guda, na ga fenti ɗanye na ce tsoho ne!

Ran Juma'a na kira shi sau tara. Da ya ɗauka na ce, "Gobe da safe Ata zai sauka. Ka dawo da ita yau ko a ture."

"Kwantar da hankalinki. Ina shirya masa abin da bai taɓa gani ba."

Na ce, "Me ka yi mata?"

"Sai kin gani," ya kashe wayar.

Ata ya iso da sassafe a motar haya. Gida ya riga ya cika, an kayar da rago a bayan bishiyar tuffa, mata na murza taliya, Gulsun-eje na ba kowa umarni daga kan kujera. Ina leƙensa ta taga, jira nake in ji ihu daga wajen gareji. Shiru. Can sai ga shi ya shigo, ya sa doguwar farar hularsa ta fita kunya, ya dube ni cikin farar rigata da jar falmaran mai surfani, ya yi murmushi, har ya dafa kaina. Na ce alhamdulillahi, hidima ta hana shi leƙawa.

Da azahar dangin Kubat suka iso, mota uku, ban da shi. "Yana hanya," in ji mahaifiyarsa, Burul-apa, tana murmushin wadda ta san wani abu. Aka zauna, aka baza soyayyiyar fulawa da zuma da busassun 'ya'yan itace har ba a ganin ledar tebur. Aka miƙa wa kawun Kubat kan rago, shi ne babba a cikinsu. Aka yi ta yabon juna, su suna cewa ɗansu ba ya shan komai, mu muna cewa 'yarmu ba ta ɗaga murya. Sannan aka kira ni. Na durƙusa gaban Burul-apa, ta buɗe ɗan jan akwati, ta kama kunnena na dama da yatsunta masu sanyi ta sa na farko. Ta miƙa hannu za ta ɗauki na biyu ke nan, kofuna suka fara rawa a kan tebur.

Ƙara ce irin wadda ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne. Karnukan layi suka ɗauka. Maza suka miƙe suka fita, mata suka bi su, ni ma na bi da ɗan kunne ɗaya.

Da ba don lambarta ba da ban gane ta ba. Ja ce wur, irin jan alewa, da wani ƙyalƙyali a cikin fentin da ke kashe ido. Ta durƙusa har cikinta na neman shafar ƙasa. Wilinta azurfa-azurfa, manya, sun cika ramin taya. Salansar da na ce a toshe mata huda babu ita gaba ɗaya, wasu bututu biyu ne a madadinta, kowanne hannuna zai shige. Kubat ya fito cikin kwat, ya ware hannuwa, duk ƙunar walda a yatsunsa.

"Baike, ga amaryarka!"

Wallahi da mugunta ya yi da ya fi mini sauƙi. Murna yake yi tsakani da Allah. Ya shiga zagaya ta yana nunawa: nan ya yanke sifirin na tayoyi don ta sauko ƙasa, nan ya kankare tsohon fenti har ƙarfe, shafi bakwai ya yi mata, kwana tara bai kwanta a gado ba. "A can, in kana girmama mutum, motarsa kake gina masa. Shekara talatin tana sanye da riga ɗaya, Baike, na ce a'a, motar surukina ta fi ƙarfin haka."

Ata ya matso kusa da ita. Ya zagaya ta sau ɗaya. Ya durƙusa da wannan bayan nasa, ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe. Ya miƙe da ƙyar, kawun Kubat ya kawo hannu zai taimaka ya ƙi. Ya buɗe ƙofa ya zauna, ya ɗaga hannuwansa zuwa inda suka saba sauka. Ba su sami komai ba, don wani ɗan ƙaramin sitiyarin katako ne a wurin, bai fi faranti ba. Ya bar su a iska jim kaɗan, sannan ya sauke su a cinya.

"Ina wanda ka cire?"

"Tsofaffin kayan? 'Yan gwangwan sun kwashe tun Talata, Baike. Ai sun gaji."

Gulsun-eje ta dafe ƙirji. Ita ba ta san mota ba, amma ta san ƙanenta.

Ata ya fito ya rufe ƙofar a hankali. "Wa ya ba ka mukulli?"

Sai a lokacin Kubat ya dubi fuskata, murmushinsa ya ɗan rage. Ya ce, "Ni na ɗauka, Baike. A rataye na gan shi a gareji."

"A rataye," in ji Ata. Ya gyaɗa kai sau biyu. Bai dube ni ba, ko da wutsiyar ido. Ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa, bakina ya yi nauyi, na kasa cewa ni ce. Ku zage ni, na cancanta.

Kawun Kubat ya fara, "Asanbek, yaro ne, da kyakkyawar niyya..." Ata ya katse shi. "Mu koma ciki, nama zai huce."

Muka koma. Na tabbata yanzu zai ce a cire na kunnen dama a mayar musu da abinsu, har na fara tanadin kuka. Sai ya ɗaga tafukansa, kowa ya ɗaga. Ata da in ya fara addu'a sai shayi ya huce, ranar kalma shida ya yi: "Allah ya ba su zaman lafiya." Ya shafa. Ya dubi Burul-apa ya ce, "A sa mata ɗayan." Ta sa. Sannan ya kamo hannun Kubat, ya danƙa masa mukullin da ya zaro daga motar, ya naɗe masa yatsu a kai.

"Wannan ma taka ce. Takardunta na aljihun gaba."

Ɗaki ya ɗauki tafi. Kawun ya ce bai taɓa ganin suruki mai kyauta irin wannan ba. Kubat ya rungume Ata har hularsa ta karkace. Apa na share hawayen farin ciki da gefen ɗankwali. Mu uku ne ba mu tafa ba: ni, da Gulsun-eje, da shi.

Bayan la'asar baƙi suka watse, aka tafi da jar motar tana ruri har ƙarshen layi. Na tarar da shi a gareji, ya rataye kwat ɗinsa a ƙusa, yana shara. Ba wani datti a wurin, sai sawun taya huɗu da suka yi shekaru suna zaune a siminti.

Na ce, "Ata, ni ce."

"Na sani."

"Salansa kawai na ce ya gyara. Wallahi, Ata, salansa kawai."

Ya ci gaba da shara. Can ya ce, "Da na sauka da safe nan na fara zuwa. Na ga wayam."

"Kun gani? Amma ba ku ce komai ba."

"Me zan ce? Na duba takalmi na ga babu mukulli, sai hankalina ya kwanta. Na ce 'yata ce ta kai ta wanki don in fita kunyar baƙi."

Murmushin da ya yi mini da safe ke nan, da dafa kan. Na durƙusa a simintin da farar rigata ina kuka kamar ƙaramar yarinya, na ce ya zage ni, ya mare ni, ya fasa auren in yana so. Ya ce, "Na sa albarka a gaban mutane, ba na lashe ta. Kin zaɓa, kin samu." Ya jingine tsintsiyar, ya miƙo mini tafin hannunsa a buɗe. Na ɗauka tayar da ni zai yi, har na kai nawa.

"Mukullin gareji," in ji shi.

Na ciro shi daga cikin mukullaina, farcena har ya karye wajen cirewa, na sa masa a hannu. Na taho ɗakina.

Yanzu ina zaune a bakin gado, ko rigar ban cire ba. Apa na kicin tana waya da 'yan'uwanta tana ba su labarin kyautar mota. Wayata ta yi ƙara sau biyu tun da na fara rubutun nan, duk saƙon Kubat ne. Na farko:

"Kin gani ko? Na ce miki zai so ta! Har kyauta ya ba mu."

Na biyu hoto ne. Motar ce a garejinsa, an ja layi da farin alli a jikin ginshiƙan da ke riƙe da rufinta, gaba da baya. A ƙasa ya rubuta:

"Litinin zan yanke rufin. Amaryata a buɗaɗɗiyar mota za ta zaga gari."

Fenti ana sakewa, sifirin ana saya, ko sitiyari in na bi 'yan gwangwan layi-layi wataƙila in dace. Rufi in an yanke, an yanke. Na kira shi bai ɗauka ba, na san yana can cikin abokansa ana taya shi murna, kuma ko ya ɗauka na san amsar: sai kin gani. Litinin jibi ce.

Abin da Kubat bai sani ba, motar tana da mukulli na biyu, yana cikin takalmin ƙafar dama. Takalmin yana cikin gareji, kuma yanzun nan na ji Ata ya danna kwaɗo.